Saitokin: Sinadaran da ke rura kumburin kogunan hanci

Kogunan hanci ramuka ne masu ɗauke da iska a cikin ƙasusuwan fuska, kuma a wurare huɗu suke, dama da hagu: kumatu, goshi, tsakanin idanu da can bayan hanci. Likitoci na kiran kumburinsu mai daɗewa idan alamomi suka kai mako 12, wato toshewar hanci, majina mai kauri, nauyi ko ciwo a fuska, da raguwar jin ƙamshi.

An daɗe ana ɗora laifin ciwon a kan ƙwayoyin cuta kaɗai. A yau masana sun fi kallonsa a matsayin kumburin da garkuwar jiki ta tayar ta kasa kwantarwa, kuma saitokin ne ke hana shi lafawa.

Saitokin ƙananan furotin ne da ƙwayoyin halittar jiki ke fitarwa domin aika wa juna saƙo. Mafi yawan waɗanda suka shafi wannan ciwo ana kiransu intalukin, a taƙaice IL, kowanne da lambarsa. Idan ƙura, hayaƙi ko ƙwayar cuta suka raunata fatar cikin hanci, sai fatar ta saki IL-25 da IL-33 da TSLP, waɗanda ke zaburar da garkuwar jiki. Ga mai lafiya, saƙon kan tsaya da zarar haɗarin ya wuce. Ga mai wannan ciwo kuwa, ba ya tsayawa.

Masana sun kasa kumburin gida uku. Wanda aka fi sani shi ne nau'i na 2, inda IL-5 ke tara fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil, ya kuma tsawaita rayuwarsu. IL-4 da IL-13 su ne ke ƙara yawan majina, su raunana fatar hanci, su sa jiki ya ƙera sinadarin IgE mai alaƙa da alaji. Wannan nau'i ne ya fi haifar da tsiro a cikin hanci da gushewar jin ƙamshi, kuma sau da yawa yakan zo tare da asma. Shi ne ya rinjaya a tsakanin masu tsiron hanci a Turai da Amurka. Nau'i na 1 ya dogara ne ga intaferon-gama, na 3 kuma ga IL-17, wanda ke janyo fararen ƙwayoyin jini na nutrofil, masu sa majina ta yi ruwan mugunya.

Wannan ne ya sa yawan shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta ba ya kawar da ciwon. Matakin farko na magani shi ne wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta da fesa maganin siteroyid mai rage kumburi. Idan hakan ya gaza, akan yi tiyata a buɗe kogunan, sai dai tsiron kan dawo ga masu nau'i na 2.

Domin irin waɗannan majinyata ne aka samar da allurai masu tare saƙon kansa. A 2019 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta amince da dupilumab, mai toshe hanyar IL-4 da IL-13, sannan omalizumab mai kama IgE a 2020, da mepolizumab mai tare IL-5 a 2021. Alluran na da tsada ƙwarai, kuma ga masu nau'i na 2 aka yi su. Shi ya sa likitan kunne, hanci da maƙogwaro kan fara duba cikin hanci da na'ura, ya kuma auna yawan iyosinofil a jini, kafin ya yanke shawarar maganin da ya dace.