Daga Sawun Saniya Zuwa Sawun Taya

Duk wanda ya taso a ƙasar Magarya ko Dungas ya san masu bin sawu. In aka kwance wa mutum shanu da dare, akan nemo wanda zai duƙa ya karanta ƙasa: nan suka bi, nan ɓarawon ya tsaya. Jandarman da ke jan igiyar awo a kan kwalta bayan hatsari, aikinsa ke nan, sai dai nasa ilimin daga nesa ya taso.

Mota ta riga ilimin isowa. A ƙarshen 1924 ayarin motocin Citroën ya ratsa Damagaram, daga baya cinikin gyaɗa ya cika hanyar Magarya da manyan motoci masu kai kaya Kano, bakin jirgin ƙasa. A can Turai ma da farko shaidar baki ce kawai. Da mota ta kashe Bridget Driscoll a Landan a 1896, shaidu suka ce gudu take shararawa, direba ya ce bai wuce mil 4 a awa ba, aka rufe magana a kan tsautsayi.

Amurkawa ne suka mai da binciken hatsari abin karatu. A 1936 aka buɗe cibiyar horar da ƴan sandan hanya a Jami'ar Northwestern, kuma littafin da J. Stannard Baker ya fitar a 1957 ya daɗe a hannun masu bincike. Lissafin jan birki kansa tsoho ne, tun binciken Bafaranshe Amontons na 1699 kan yadda abu ke gogar abu. In gudu ya ninka biyu, tsawon jan birki sai ya ninka huɗu. A busasshiyar kwalta, motar da ke kilomita 50 a awa takan ja taya kamar mita 14 kafin ta tsaya. Mai kilomita 100 kuwa sai ta kai mita 56. Direba na iya rantsuwa cewa a hankali yake tafe, amma baƙin layin da ya bari ba ya raga wa kowa.

A Nijar tsarin Faransa aka gada: ƴan sanda a cikin gari, jandarmomi a karkara, su auna, su zana, su rubuta abin da ake kira konsta. Abin da ya ƙara wa takardar nan nauyi kuɗi ne. Yarjejeniyar inshora ta CIMA, wadda aka sa wa hannu a Yawunde a 1992 ta fara aiki a 1995, ta ce in hatsari ya taɓa lafiyar mutum, a miƙa rahoton ga kamfanonin inshora cikin wata 3. Daga zanen jandarma ake gane wanda zai biya diyya.

Amma hanyoyinmu ba irin na littafi ba ne. Tsakanin Damagaram da Magarya iska kan shimfiɗa rairayi a kan kwalta, taya ta sulale fiye da lissafi. A hanyoyin ƙauyukan Dungas kuwa, inda amalanke da garke ke bi, sawu ba ya kwana. Ga motocin zamani masu birkin ABS, wanda ba ya barin taya ta cije, da ƙyar suke barin tabo.

Sai kuma maganar da ta fi yawa a bakin direbobi: "Taya ce ta fashe." Wani lokaci gaskiya ne, don tsofaffin tayoyi sun cika kasuwa. Amma ana iya tantancewa. Tayar da ta sace kafin hatsari takan bar sawu mai karkarwa tun kafin wurin karo. Wadda karo ya fasa, yankan ƙarfe ake gani a jikinta. Lambobi huɗu na gefenta kuma suna faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta: 1218 na nufin mako na 12 na 2018.

Babban mai ɓata shaida shi ne taron jama'a, kuma da kyakkyawar niyya suke zuwa. Ceton rai shi ne gaba, ba gardama. Amma in an kwashe masu rauni, jama'a, a ja da baya daga sawun tayar, mai waya ya ɗauki hoto, a bar motar inda take har jandarmomi su iso. Haƙƙin marayu na iya rataya a kan wannan layin.