Aska da Jinya: Tarihin Zanen Fuska a Kudancin Katsina

A kasuwar Sheme ta ƙasar Faskari, ko a Ƙanƙara ranar kasuwa, fuskokin mutane sun rabu gida biyu. Dattawa da yawa na ɗauke da zane: wannan da zube tun daga gefen baki har kusa da kunne, wancan da bille guda a kumatu, tsofaffin mata kuma da jarfa wadda baƙinta ya koɗe ya koma shuɗi-shuɗi. Jikokinsu kuwa fuska sumul. Masu rubutu kan wannan al'ada sun fi tsayawa kan ma'anar zanen, wane na Gobirawa, wane na Katsinawa, wane na ado. Ni a ganina an tsallake rabin labarin. Tsaga fata aikin ɗan lokaci ne, kuma duk mai ƙarfin hali da kaifin aska zai iya. Abin da ya mai da wanzanci sana'ar gado, har sarakuna suka ba ta sarautar Sarkin Aska, shi ne jinyar da ke biyo bayan tsagar, domin jinya ce ke yanke hukuncin ko rauni zai zama zane mai karantuwa, ko ya ɓace, ko ya zama gyambo.

Dalilin da ya sa zane ya yi ƙarfi a wannan yanki yana cikin zaman ƙasar. Ƙanƙara da Faskari suna bakin iyakar Katsina da Zamfara, Sabuwa kuma ta jingina da Birnin Gwari, ba nisa da ƙasar Zazzau. Wuri ne na mahaɗar jama'a: Katsinawa, Fulani, Maguzawa, da Gobirawa waɗanda tarihin baka na Faskari ke danganta kafuwar garin da su. Bayan birnin Katsina ya koma hannun masu jihadi a 1807, Alƙalawa ta Gobirawa kuma ta faɗi a 1808, ƙarni na 19 ya zama na hare-hare, daga Maraɗi ta arewa, daga baya kuma Kwantagora ta addabi ƙasashen Gwari ta kudu. Littafin Baba of Karo na Mary Smith, wanda ya fito a 1954, ya nuna yadda ake kame mata da yara a ƙauyukan da ke maƙwabtaka, da yadda dangi ke bin sawu su fanso nasu. A irin wannan zamani, yaron da aka sace yana ɗan shekara uku zai manta sunan garinsu, amma fuskarsa ba za ta manta ba. To sai dai shaidar ba ta da amfani in ba ta fito sosai ba. Zanen Gobirawa, wanda aka saba cewa shida ne a kunci ɗaya bakwai a ɗayan, idan layukansa suka haɗe saboda ruɓa, ya daina faɗin komai.

Nan ne gwanintar take. Jikin ɗan Adam, musamman na jariri, yana gaggawar rufe rauni ba tare da ya bar babbar alama ba. Wanzami yana son akasin haka, amma da awo: rauni ya warke, ya bar layi siriri mai tsabta, kada ya yi tudu, kada ya yi ruwa. Shi ya sa da zarar ya tsaga yakan shafa baƙin tukunya ko garin gawayi, wanda ke taimakawa jini ya tsaya, ya kuma zauna a ƙarƙashin fata ya ba zanen duhu. A jarfar mata, wadda ake yi da ƙananan tsage kusa da kusa, wannan baƙin shi ne tawadar kanta. Daga nan sai aiki ya koma hannun mutanen gida. Zanen gado ana yin sa ne ranar suna, tare da askin jariri, lokacin da mai jego take cikin kwana arba'in na wankanta, ungozoma da kaka suna kusa, ruwan zafi ba ya yankewa. Akan gasa wurin da tsumma mai ɗumi, a shafa man shanu ko man kaɗanya don kada ɓawon ya bushe ya tsage, a kare shi daga ƙuda, a hana hannu kaiwa gare shi. Wanzami kuma yakan dawo ya duba. Bai isa ya ƙi dawowa ba, domin shi wanzamin gidan ne: ubansa ya yi wa uban yaron aski, yana da kasonsa a ragon suna, yana da damin hatsi da kaka, kuma aikinsa zai yi ta yawo a fuskar mutum har tsufa kowa yana gani. Hankalin nan ne dai ya sa ake tara yara a yi musu kaciya da hunturu, lokacin da iska ta bushe, rauni bai cika yin ruwa ba, a riƙa barbaɗa garin bagaruwa don ya kame.

Wanda ya san yadda ake kula da zanen jiki na zamani, wanda ake yi da injin allura a Turai da Amurka da manyan biranenmu, zai ga ƙa'idojin sun yi kusa. Can ma tawada ana cusa ta ne ƙarƙashin fatar sama, ana wanke wurin a hankali da sabulu, a shafa mai kaɗan, a guji zafin rana da jiƙa shi cikin ruwa, a bar ɓawo ya faɗi da kansa cikin mako biyu zuwa huɗu, don wanda ya ɓamɓare shi ya ɓamɓare launin. Wanzamai da tsofaffin mata sun kai ga mafi yawan wannan ta hanyar lura, tun ba a san ƙwayoyin cuta ba.

Za a ce ina yi wa abin da ya cutar da mutane kwalliya, kuma wannan suka tana da nauyi. Aska ɗaya da ta fito daga zabira ta bi yara da yawa hanya ce ta ciwon hanta, sannan ta cutar ƙanjamau bayan an tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a 1986. Toka da gawayi da suka taɓa ƙasa suna iya kai ƙwayar tetanos cikin rauni, jariri ya sandare ya kasa kama nono, a ɗora wa iska laifi. Waɗanda muke gani da zane mai kyau su ne suka warke. Waɗanda ba su warke ba ba sa zuwa kasuwa a gan su. Ga kuma hujjar malamai, waɗanda suka daɗe suna karanta hadisan da suka hana jarfa da yi wa fuska lalas, da hujjar doka, tunda sashe na 24 na Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 ya haramta yi wa yaro zane. Duk na yarda, kuma ba na fatan a koma tsaga jarirai. Dalilin zanen ma ya fara mutuwa tun da Turawa suka ayyana cewa duk ɗan da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne ba bawa ba, kasuwannin bayi kuma suka watse. Amma sukar nan ta faɗa ne a kan kayan aiki da kan yi wa wanda bai san komai ba tabo. Ba ta taɓa ɗaya ɓangaren ba, wato ɗaure mai yanka da alhakin warkewa.

Wannan ɓangaren ne ya raunana, alhali yankan bai ƙare ba. Kwalliya ta koma kan lalle, wanda ba ya huda fata, amma an cakuɗa shi da baƙin dayis mai sinadarin rina gashi, wanda kan ƙona hannun wasu amare ya bar musu tabo, mai ƙunshin kuma ta riga ta karɓi kuɗinta ta tafi. Kaciya, ƙaho da cire belu suna nan a hannun wanzamai a ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, inda matsalar tsaro ta tarwatsa garuruwa, ta raba gidaje da wanzamansu na gado, ta kuma sa zuwa asibiti ya yi wuya. Iyalin da suka yi gudun hijira sukan kai yaronsu wurin wanda ba su sani ba, wanda ba zai dawo duba rauni ba. Abin da hukumomin lafiya za su iya nema daga Sarakunan Aska a fili yake: sabuwar reza ga kowane yaro, barin cire belu da zanen jarirai, tabbatar da uwa ta yi allurar tetanos tun tana da ciki, da komawa gidan bayan kwana biyu ko uku, a tura yaro asibiti da zarar an ga kumburi, ruwa mai wari ko zazzaɓi.