Yadda Tsohuwar Kwamfuta Ta Haifi Inuwar Jarumi

A wannan makon za mu leƙa Amurka ta shekarun 1980, mu ga yadda tsohuwar kwamfuta ta sa wani matashi ya sauya labarinsa.

A shekarar 1985 Jordan Mechner ya fara haɗa wasan Prince of Persia a kan kwamfutar Apple II. Tun 1977 wannan kwamfuta ta fito, kuma a lokacin irin su Macintosh da Amiga sun riga sun sha gabanta. Allonta ɗigo 280 ne a kwance, 192 a tsaye, launukanta shida kacal, ma'adanarta kuwa 'yar mitsitsiya.

Burin Mechner shi ne jaruminsa ya riƙa motsi kamar ɗan Adam. Sai ya sa ƙaninsa ya saka fararen kaya, ya ɗauke shi a bidiyo yana gudu yana tsalle, sannan ya bi hotunan ɗaya bayan ɗaya yana kwafar siffarsa zuwa kwamfuta. Motsin ya yi kyau, amma hotunan suka cinye kusan duk ma'adanar.

Labarin mai sauƙi ne. Waziri Jaffar ya tsare gimbiya, jarumi kuma yana da minti 60 ya kuɓuta daga kurkuku ya cece ta. Da farko babu abokin gaba a hanyarsa, sai tarkuna da ramuka. Abokiyar aikinsa Tomi Pierce ta nace cewa sai an sa faɗa wasan zai yi armashi. Shi kuma ya ce ina zai samu wurin zana wani mutum?

Daga wannan gardama mafita ta fito. Ya ɗora hoton jarumin a kan kansa, ya gusa shi da ɗigo ɗaya, ya yi amfani da umarnin da ke goge duk inda hotunan biyu suka yi daidai. Abin da ya rage shi ne baƙar siffa mai farin gefe, mai gudu da tsalle irin na jarumin, ba tare da an zana sabon hoto ba. Inuwa ke nan.

Mechner bai bar ta a matsayin dabara kawai ba, sai da ya ba ta asali. A mataki na 4 jarumi ya ratsa wani madubin tsafi, inuwarsa ta ɓalle ta gudu. Gaba kaɗan ta shanye masa maganin ƙarin rai, ta kuma rufe masa ƙofa. Da suka haɗu a mataki na 12, duk saran da ya kai mata shi ma sai ya ji a jikinsa. Ba a cin nasara sai an mayar da takobi kube, an tunkare ta sun koma mutum ɗaya. Dogarai masu takubba daga baya ya matse ya samo musu wuri.

Kamfanin Broderbund ya fitar da wasan a 1989, lokacin kasuwar Apple II tana dusashewa, don haka bai yi ciniki sosai ba. Sai da aka mayar da shi kan wasu kwamfutoci daga 1990 sannan ya karaɗe duniya, da inuwarsa a ciki, ko da yake sababbin injinan suna da wurin zana dodanni iri-iri. Abin da rashin wuri ya jawo ya riga ya zama ƙashin bayan labarin.