Daga Tiga Zuwa Tafkin Chadi: Labarin Kogin Kano

Mai karatu, ko ka san cewa ruwan da kake gani a bayan jarumi da jaruma lokacin da suke rera waƙa a Tiga, tun asali ba tafki ba ne? Kogin Kano ne aka tare. Yana gangarowa daga duwatsun kudancin jihar, kuma a zamanin Gwamna Audu Baƙo aka datse shi da madatsar Tiga, aka gama aikin a 1974. Da wannan ruwa ne manoman Kadawa da Kura ke noman rani, shinkafa da alkama da tumatir.

Ta yamma kuwa Kogin Challawa ne ke zuwa, ya ɗauki Watari a hanya. Tun farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, daga Challawa aka fara jawo wa birni ruwan famfo. Shi ma an datse shi a ƙasar Ƙaraye a 1992. Abin takaici, wannan kogin da ake sha shi ne dai masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa suka daɗe suna zuba wa dagwalo. Jakara kuwa, da ta ratsa tsakiyar birni ta gefen Kasuwar Kurmi, ba sai an ba ka labarinta ba, hancinka ya isa shaida.

A wajen Tamburawa kogunan biyu suka haɗu. Daga nan ruwan ya bi ta ƙarƙashin gadar Wudil, ya ratsa ƙasar Ringim, ya zama Kogin Haɗeja. Can gaba ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ya gamu da Kogin Jama'are, su zama Kogin Yobe, wanda ke ƙarewa a Tafkin Chadi.

To, a nan gizo ke saƙa. Kafin madatsun nan, ambaliyar damina ce ke shayar da fadamun, in ta janye a shuka, masunta su kama kifi, Fulani su samu kiwo. Da aka tare ruwan a sama, ambaliyar ta ragu, sai ɗan ruwan da ake saki rani da damina ya kwanta wuri ɗaya. Ciyawar kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, tsuntsayen jan-baki suka mayar da ita gida. Manomin Gashuwa yana jiran ruwa, na Nguru kuwa gonarsa ta nutse.