Sahu, ginshiƙi da raga: yadda ake jera zane-zanen alƙaluma a shafin intanet

Duk wanda ya taɓa buɗe shafin da ke nuna farashin hatsi a kasuwanni, ko yawan ruwan da aka samu a damina, ya ga abin da ake kira tableau de bord da Faransanci: allo guda da ya tara zane-zanen alƙaluma da dama, tare da ƴan madannai na zaɓen jiha ko shekara. A Nijar ma'aikatan kiwon lafiya sun san irinsa a cikin manhajar DHIS2, wadda jami'ar Oslo ta ƙasar Norwai ke kula da ita. Abin da mai kallo bai cika lura da shi ba shi ne, ba da hannu ake ajiye kowane zane a wurinsa ba. Akwai rubutaccen umarni, wato kod, da ke cewa wannan ya zauna gefen wancan, wancan ya koma ƙasa. Kuma kusan duk manhajojin da ake wannan aiki da su, dabaru uku suka dogara a kansu: sahu, ginshiƙi da raga.

Sahu shi ne jeri a kwance, daga hagu zuwa dama, kafaɗa da kafaɗa kamar masallata. Ginshiƙi jeri ne a tsaye, wani bisa wani. Raga kuwa ta haɗa biyun, kamar gidajen dara: kowane abu yana da gurbinsa, wanda ake ganewa da lambar sahu da lambar ginshiƙi.

Misali da Bokeh

Bokeh tarin kayan aiki ne na harshen Python da ake zana alƙaluma da shi don a gani a intanet. Kyauta ne, kowa na iya ɗauka. A ce ɗan jarida ya riga ya yi zane uku na farashin buhun hatsi, ya ba su suna maradi, zinder da tahoua. Idan ya rubuta row(maradi, zinder, tahoua), ukun za su fito a sahu ɗaya. Idan ya sauya kalmar farko ta zama column, sai su hau kan juna. Iyakar abin ke nan.

Ƙarfin dabarar yana wajen saka wani cikin wani. Sahu na iya ɗaukar ginshiƙi a cikinsa, ginshiƙin kuma ya ɗauki wani sahun. Ga tsarin da aka fi gani a allunan bayanai:

row(column(kasuwa, shekara), zane)

Ana karanta shi daga ciki zuwa waje. Madannin zaɓen kasuwa da sandar da ake ja a sauya shekara suna tsaye a ginshiƙi ɗaya a hagu, babban zanen yana damansu. Babu inda aka faɗi nisan wani abu daga bakin allo. An faɗi dangantaka ce kawai, wa ke kusa da wa, sauran lissafi na kwamfuta ne. Wanda ya gane wannan ya gane rabin aikin.

Wajen raga Bokeh na da gridplot. Ana ba shi jeri cikin jeri, kowane ƙaramin jeri sahu guda ne: gridplot([[maradi, zinder], [tahoua, None]]) na ba da gida huɗu, uku da zane, na huɗun fanko, domin kalmar None tana riƙe gurbi ba tare da an sa kome ba. Bambancinsa da tara sahu biyu cikin ginshiƙi shi ne yana daidaita gefunan zane-zanen, yana kuma haɗe ƴan kayan aikinsu, irin na zuƙowa da adanawa, su zama ɗaya maimakon kowane zane ya ɗauki nasa.

Sai maganar girma. Kowane abu yana da abin da ake kira sizing_mode. Da fixed, faɗi da tsawo ba sa motsi ko allo ya ƙanƙance. Da stretch_width, zanen yana miƙewa ya cika faɗin da ya samu, tsawonsa na nan yadda yake. Da scale_width, faɗi da tsawo suna tafiya tare, siffar ba ta lalacewa. Yawancin allunan da suke fitowa a karkace, a nan matsalarsu take: an ce ɗa ya miƙe, amma an bar sahun da ke ɗauke da shi a ƙayyade, to ina zai miƙe zuwa?

Abu guda da sabon shiga ke mamaki: jera madanni kusa da zane ba ya sa su yi magana da juna. Jeri daban, haɗi daban. Sai an rubuta wani umarnin da ke cewa idan an ja sandar shekara, a sabunta alƙaluman.

Daga tebur zuwa raga

A shekarun 1990 masu gina shafuka ba su da kayan jeri na gaskiya, sai suka riƙa amfani da teburin alƙaluma na HTML suna ɓoye layukansa, suna cusa hotuna da rubutu a gidajensa. Aiki ya yi, amma gyara ya zama wahala. A 2010 Ethan Marcotte, wani mai tsara shafuka ɗan Amurka, ya yaɗa ra'ayin cewa shafi guda ya kamata ya daidaita kansa da kowane allo, babba ko ƙarami. A 2011 ma'aikatan Twitter biyu, Mark Otto da Jacob Thornton, suka fitar da Bootstrap, wanda a yau aka san shi da raba faɗin shafi kashi 12. Dalilin zaɓen 12 lissafi ne na ƴan firamare: yana rabuwa biyu, uku, huɗu da shida ba saura. Zane biyu daidai, 6 da 6. Babban zane da madannai a gefe, 8 da 4. Shiny na harshen R, wanda masu ƙididdiga ke so, wannan tsarin na 12 ya gada.

Sai a watan Maris na 2017 manyan manhajojin shiga intanet, Chrome da Firefox da Safari, suka karɓi CSS Grid, raga ta ainihi wadda ke kula da kwance da tsaye lokaci guda. Ɗan'uwansa Flexbox gefe ɗaya yake kula da shi, ko sahu ko ginshiƙi. A CSS Grid ana auna rabo da fr: idan aka rubuta 2fr 1fr, na hagu ya samu kashi biyu, na dama kashi ɗaya, kome girman allon. Bokeh kansa, tun fitowar zubinsa na 3 a 2022, ya mayar da aikin jeri ga CSS.

Inda jeri ke iya yaudarar mai karatu

Mutum na iya ɗauka duk wannan kwalliya ce. Ba haka ba ne. Jacques Bertin, masanin taswira ɗan Faransa, ya nuna a littafinsa Sémiologie graphique na 1967 cewa wurin da aka ajiye abu a kan takarda shi ne alamar da ido ya fi saurin karantawa, gaba da launi ko siffa. Ajiye zane biyu kusa da juna tamkar cewa mai karatu ne: gwada su. Kuma zai gwada, ko an shirya masa ko ba a shirya ba.

A koma ga zane ukun nan na hatsi. Idan aka bar manhaja ta zaɓa wa kowane zane ma'auninsa, za ta miƙe kowane layi ya cika akwatinsa. Kasuwar da farashi ya ɗan motsa da jika ɗaya da wadda ya tashi da jika goma za su fito da tudu iri ɗaya. Alƙaluman gaskiya ne, amma allon ya yi ƙarya, kuma wanda zai yanke shawarar inda za a fara kai hatsin rahusa a lokacin rani da ido yake fara aiki. Maganin layi ɗaya ne. A Bokeh ana cewa y_range na zane na biyu da na uku ya zama na na farko. A Matplotlib, tsohon kayan zanen Python da John Hunter ya fara a 2003, ana rubuta sharey=True wajen kafa ragar.

Daga nan ƙa'idar zaɓi take fitowa. Abubuwan da ake son gwada tsawonsu, irin farashi a kasuwa uku, a sa su a sahu da ma'aunin tsaye guda. Abubuwan da suka yi tarayya a lokaci, irin ruwan sama da farashi daga Yuni zuwa Oktoba, a ɗora su a ginshiƙi, watan Agusta na sama ya faɗo daidai kan Agusta na ƙasa. Raga ta dace idan tambaya na da fuska biyu: jihohi a kwance, irin amfanin gona a tsaye, hatsi da dawa da wake. Raga mai gida ashirin da aka yi don kawai akwai zane ashirin, a ganina ma'aji ce, ba allo ba.

Wayar hannu

Ana gina alluna a kan kwamfuta mai faffaɗan allo a ofis, amma a Maraɗi ko Damagaram galibin masu buɗe su da waya suke buɗewa. Faɗin fuskar wayoyi da yawa bai wuce fiksel 360 zuwa 400 ba a lissafin shafuka. Zane uku a sahu ɗaya, kowane zai samu wajen 120, abin da ko lambobin gefensa ba za su karantu ba.

Manhajoji sun bambanta a nan. Bootstrap na karya sahu ya mayar da shi ginshiƙi idan allo ya kai wani ƙanƙanta da aka ƙayyade. Streamlit, wanda ya fito a 2019, yana yin haka da kansa ga abin da aka jera da st.columns. Sahun Bokeh kuwa ba ya karyewa: ko dai zane-zanen su matse, ko su wuce bakin allo mutum ya riƙa ja gefe. Wanda ya san masu karatunsa ƴan waya ne, gara ya fara da column da stretch_width, sannan ya ƙara sahu inda gwadawa ta wajabta.

Idan sahu ya karye, abin da aka fara rubutawa a kod shi ke hawa sama. Madannai shida da suka yi kyau a gefen hagu na kwamfuta, a waya su ne za su cika fuska, zanen da aka zo gani ya nutse can ƙasa. Manhajojin da ke karanta wa makafi shafi su ma tsarin rubutun suke bi, ba yadda ido ke gani ba. Shi ya sa ake so zanen da ke amsa babbar tambaya ya zo farko, ko a rage madannai zuwa ɗaya ko biyu. Ana iya jarrabawa ba tare da waya ba: a Chrome ko Firefox, maɓallin F12 na buɗe kayan aikin masu gini, inda ake iya ƙanƙance shafi zuwa faɗin 360 a ga abin da ya rage a sama.