Yadda ake gano matsalar injin dizal mai misin da hayaƙi bayan an sake haɗa shi

Babu abin da ke tayar wa mai babbar mota hankali kamar ya kashe maƙudan kuɗi a sauke masa inji, a sauya fistin da ringi da nozul, a ƙara wa famfo mai domin motar ta ƙara jan kaya, amma ranar da aka tayar da ita a ji tana karkarwa, salansa na aman hayaƙi. A irin wannan hali akan yi saurin ɗora laifi a kan famfon injekta, a kwance shi a kai wa masu gyara, ko a sake sayen nozul. Sau da yawa kuɗi su tafi, matsala tana nan daram. Alhali inji yakan faɗi ciwonsa da kansa ta launin hayaƙi, da lokacin fitarsa, da silindar da ta daina aiki. Galibi kuma laifin yana wurin da hannu ya taɓa lokacin haɗawa.

Yadda injin ke kama wuta

Injin dizal, man da aka fi sani da gas a gidajen mai, ba ya amfani da fulogi mai tartsatsi irin na fetur. Fistin ne ke matse iska zalla a cikin silinda har ta koma kashi ɗaya cikin 16 zuwa 20 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500 a ma'aunin Salsiyas. A daidai wannan lokaci nozul ke feso mai kamar hazo, ya kama da kansa. A kan wannan ƙa'ida Bajamushe Rudolf Diesel ya gina injinsa da ya yi aiki a 1897, kuma har yau ba ta sauya ba.

Ke nan abubuwa huɗu ake bukata: isasshiyar iska, matsi mai ƙarfi, mai da ya fesu da kyau, da fesawa a kan lokaci. Idan ɗaya ya gaza a wata silinda, sai ta tsallake bugunta, abin da makanikai ke kira misin. Man da bai ƙone ba kuwa shi ne ke fita a matsayin hayaƙi.

Abin da launin hayaƙi ke nunawa

Farin hayaƙi iri biyu ne. Idan yana warin gas, yana sa ido yaji, yana kuma daɗewa a iska, ɗanyen mai ne da bai kama ba. Dalilinsa na iya zama tayimin da ya yi latti, ko raunin matsi, ko nozul mai ɗiga, ko iska a layin mai. Idan kuwa tururi ne mai saurin ɓacewa, ruwan lagireto na raguwa, ana ganin kumfa a bakinsa, to ruwa ne ke shiga silinda ta gasket ko ta tsaga a kan inji ko a jikin silif.

Baƙin hayaƙi alama ce ta mai ya fi iska yawa: wuta ta kama, amma ba ta cinye man ba. A nan ana duba filtar iska, musamman lokacin hunturu da ƙura ke toshe ta cikin ƙanƙanin lokaci, da bututun da ke tsakanin turbo da inji, da yawan man da aka saita wa famfo.

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da ƙauri baƙin mai ne ke ƙonewa. Yana shiga ta ringin da bai zauna ba ko aka sa shi a kife, ko ta robar bawul, ko ta turbo mai yoyo.

Lokaci ma shaida ne. Farin hayaƙin da ke fita da sanyin safiya ya ɗauke bayan inji ya yi zafi yana nuni ga hita ko ɗan raunin matsi. Wanda bai ɗauke ba ko da inji ya yi zafi, shi ne abin bincike.

A fara da mai araha

Kafin a kwance komai, a tabbatar da man kansa. Gas da aka gauraya da kananzir ko wanda ruwa ya shiga yana iya kawo misin a injin da lafiyarsa ƙalau. Hanya mafi sauƙi ita ce a ja mai daga jarka mai tsabta kai tsaye. Idan inji ya daidaita, matsalar tana tanki ko layinsa. A kuma sa tiyo mai nuna ciki kafin famfo: kumfa a cikinsa na nufin iska na shiga ta wata mahaɗa da ba a ɗaure da kyau ba, abin da ya zama ruwan dare bayan sauke inji.

Sai a bi fayif ɗin mai ɗaya bayan ɗaya. Yawancin injuna masu silinda shida a jere suna bugu ne a tsarin 1-5-3-6-2-4, kuma fayif biyu da suka yi musayar wuri sun isa su kashe silinda biyu.

Gano silindar da ba ta aiki

A injin da ke da famfo irin na da, ana barinsa a silo, a sassauta notin fayif a kan nozul ɗaya, a rufe wurin da tsumma. Idan ƙarar inji ta sauya ya ƙara karkarwa, silindar tana aiki, sai a ɗaure a wuce gaba. Wadda aka sassauta ba a ji wani sauyi ba, ita ce matacciya.

Wannan dabara haɗari ce a injunan zamani masu bututun mai na bai ɗaya da kwamfuta ke sarrafawa, domin matsin mai a cikinsu yana kai bar 1,600 zuwa sama da 2,000, ƙarfin da zai huda fata ya shiga nama. A irinsu da na'urar gwaji ake kashe silinda ɗaya-ɗaya, a kuma auna man da kowace injekta ke mayarwa tanki. Da yawa daga cikin sababbin injektoci suna zuwa da lambar da dole a shigar wa kwamfutar motar, in ba haka ba silindu ba za su samu mai daidai wa daida ba.

Ma'aunin zafi na nesa shi ma yana taimakawa. Jim kaɗan bayan tayar da inji daga sanyi, a auna bakin kowace silinda a inda hayaƙi ke fita. Wadda ta fi sauran sanyi ba ta kama wuta.

Da an gano silindar, sai a musanya nozul ɗinta da na maƙwabciyarta. Idan misin ya bi nozul, an kama mai laifi. A wajen cirewa a duba wasar tagulla da ke ƙarƙashinsa, domin akan mance tsohuwa a cikin rami a ɗora sabuwa a kanta, bakin nozul ya ɗaga daga inda ya kamata ya tsaya. Idan kuwa misin ya zauna a silindar, sai a koma kan bawul da matsi, famfo ya zo a ƙarshe.

Bawul da matsi

Bawul ɗin da aka matse fiye da kima ba ya rufewa, matsi ya riƙa zurarewa ta nan. Kowane inji da ma'auninsa. A injin Cummins mai lita 5.9 da bawul 12, alal misali, tazarar bawul ɗin shigar iska milimita 0.25 ce, ta fitar hayaƙi kuwa 0.51, kuma inji na sanyi ake saitawa. A duba ko sandar da ke tura bawul ta zauna a gurbinta ko ta lanƙwashe.

Bayan haka a auna matsin kowace silinda, a tsayar da mai yayin gwajin. Abin lura shi ne bambanci: silindar da ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 tana da matsala. Kada a zuba baƙin mai a silinda don gwada ringi kamar yadda ake yi wa injin fetur, domin a dizal yana iya kamawa. Gara a hura iska a silindar fistin na sama, bawul duka a rufe, a saurara. Fitar iska ta hanyar shigarta ko ta salansa bawul ne, ta wurin zuba baƙin mai ringi ne, kumfa a lagireto kuwa gasket ne ko tsaga.

Idan duk silindu ne ke hayaƙi

A nan tayimin ne abin zargi na farko. Haƙori ɗaya da aka tsallake a giyar famfo ya isa ya kawo farin hayaƙi da wahalar tashi. Wannan injin na Cummins, wanda masu ƙara wa mota ƙarfi a Amurka suka fi so, misali ne mai kyau. A motocin Dodge Ram na 1994 zuwa 1998 yana ɗauke da famfon Bosch P7100, wanda giyarsa ba ta da makulli, matsewa kawai ke riƙe ta a kan sanda. Idan aka ɗaure ta da maiƙo a jiki, tana iya zamewa, tayimin ya koma baya, mota ta rasa ƙarfi tana farin hayaƙi, alhali famfon lafiyarsa lau.

Inda neman ƙarfi ke jawo matsala

Ƙara mai abu ne mai sauƙi, ƙara iska ke da tsada. Manyan nozul ba tare da turbon da ya dace ba baƙin hayaƙi kawai suke haifarwa da zafi. Masu wannan aiki kan sa ma'aunin zafin hayaƙi, su guji daɗewa sama da wajen digiri 650 idan an auna kafin turbo, domin fistin na alminiyam ba ya jure fiye da haka na tsawon lokaci. Babban turbo shi ma yana jinkirin kawo iska, mota ta yi hayaƙi a duk lokacin da aka taka totur daga ƙasa.

Haka nan dole kusurwar feshin nozul ta dace da ramin da ke kan fistin. In ba su dace ba, mai yana sauka a gefen fistin ko bangon silinda, ya wanke baƙin mai, ya cinye ringi. Fistin mai rage matsi da gasket mai kauri, waɗanda ake sawa don inji ya ɗauki iskar turbo mai yawa, suna sa wahalar tashi da farin hayaƙi da safe, balle a wuri mai sanyi kamar Jos. Wanda bai lissafa waɗannan tare ba, garin neman ƙiba zai samo rama.

Sabon ringi kuma yana bukatar aiki kafin ya zauna. Barin sabon inji a silo na awoyi da sunan lallaɓawa yana sa bangon silinda ya yi santsi, ringi ya kasa kamawa, shuɗin hayaƙi ya zama na dindindin. Bayan an tabbatar baƙin mai na hawa kuma babu yoyo, matsakaicin kaya a kan hanya ya fi masa amfani.

Lokacin da za a kashe inji nan take

Ba a ci gaba da gwaji idan aka ji ƙarar bugun ƙarfe, ko baƙin mai ya ƙaru ko ya koma kamar madara, ko inji ya cije ya ƙi juyawa. Ruwa ko mai da ya cika silinda ba ya matsuwa, tilasta masa na lanƙwasa sandar fistin. Idan kuwa inji ya fara tashi da kansa yana ihu, baƙin mai yake sha ta hanyar iska, kashe makulli ba zai tsayar da shi ba. Sai an toshe mashigar iska da katako ko faranti mai ƙarfi, ba da hannu ba. Shi ya sa ake wanke bututun turbo da na'urar sanyaya iskarsa kafin tashin farko.

Duk wannan gwaji a sarari ake yinsa. Tun 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar. Mai mota kuma yana da haƙƙin ya nemi bakanike ya nuna masa silindar da ba ta aiki da sakamakon awon matsi kafin ya biya kuɗin wani sabon kaya.