Ƙungiyar Ƙuruciya Mai Tsarki

Ƙungiyar Ƙuruciya Mai Tsarki wata ƙungiya ce ta mabiya ɗarikar Katolika, wadda aka assasa a ƙasar Faransa a shekarar 1843, da nufin a shigar da yara 'yan makaranta cikin aikin mishan, wato yaɗa bishara da taimakon mabukata a ƙasashe masu nisa. A aƙidar Kiristoci, duk wanda aka yi wa baftisma ya ɗauki alhakin isar da saƙon addininsa. Amma a da, galibin mutane sun ɗauka wannan nauyi na limamai ne da sistoci waɗanda suke ƙetare teku, har sai da wannan ƙungiya ta shigo da shi cikin aji, ta ɗora shi a kan yaron da bai gama koyon karatu ba.

Wanda ya kafa ta shi ne Charles de Forbin-Janson, bishop na birnin Nansi, wanda aka haifa a birnin Faris a 1785. Wasiƙun 'yan mishan da suke zaune a ƙasar Sin ne suka tayar masa da hankali, domin suna ba da labarin jarirai da ake yasarwa saboda tsananin talauci, suna mutuwa ba tare da baftisma ba. Kuma bayan ya yi shawara da Pauline Jaricot, wata baiwar Allah ta birnin Liyon wadda tun 1822 ta tsara hanyar tara wa mishan kuɗi kaɗan-kaɗan daga hannun talakawa, sai ya ga cewa abin da manya suke yi, yara ma za su iya. Ƙa'idar da ya shimfiɗa mai sauƙi ce ƙwarai: kowane yaro ya yi gajeriyar addu'a kullum, ya kuma ba da ƙaramin tsabar kuɗi guda ɗaya a wata, kwatankwacin aninin da kakanninmu suka sani. Bai daɗe yana ganin aikinsa ba, don ya rasu a 1844.

Makaranta ce ta raya ƙungiyar, kuma dalilin a fili yake, domin a can ne yara suke taruwa kowace safiya a ƙarƙashin malami guda, akwai mai karɓar kuɗi ya rubuta, akwai mai karanta musu labaran da suke zuwa daga Sin da Afirka. A Jamus wata yarinya mai shekara 15, Auguste von Sartorius, ita ce ta kafa reshen birnin Aachen a 1846. Fafaroma Pius na 11 ya mayar da ƙungiyar ƙarƙashin fadarsa a 1922.

Sai dai tarihinta bai rasa abin suka ba, kuma adalci ne a faɗe shi. Gidajen marayun da ake ciyarwa da kuɗin sun riƙa karɓar jarirai waɗanda tuni suke bakin mutuwa, domin a yi musu baftisma kafin rai ya fita, saboda haka mace-mace suka yawaita a cikinsu, mutanen gari kuwa, da suka ga ana shiga da yara ana fita da gawa, suka fara zargin baƙin da sata da kisa. Irin wannan jita-jita ce ta haddasa fitinar birnin Tiyanjin na ƙasar Sin a watan Yuni na 1870, inda aka kashe ƙaramin jakadan Faransa da sistoci 10 da wasu mutane da dama. A makarantun Katolika na Amurka kuma, har tsakiyar ƙarni na 20, ajin da ya tara dala 5 akan ce ya fanshi jaririn arna, har a ba shi damar zaɓar masa suna. Niyyar ta alheri ce, amma ta koya wa yaran Turawa kallon sauran al'ummai da idon raini.

Babban taron majami'ar Katolika da aka yi a fadar Vatican daga 1962 zuwa 1965 ya sauya wannan fahimta, inda ya jaddada cewa ikilisiya gaba ɗayanta 'yar aike ce, kuma aikin mishan ya haɗa da girmama al'adun mutane da yi musu hidima. Daga nan lafazin fansa ya gushe, kuɗin ya fi karkata ga makarantu da magani da abinci. A Jamus, tun 1959, yara sukan yi shigar masanan nan da suka zo daga gabas gaishe da Almasihu, su bi gida-gida a farkon Janairu suna waƙa suna tara gudummawa.

A Nijeriya, inda limaman Katolika suka kafa masauki a Arewa a garin Shendam a 1907, ƙungiyar tana nan a majami'u da makarantun Katolika, kuma yaran da a da ake tara kuɗi dominsu, yanzu su ma suna cikin masu bayarwa ga asusun da ake rarrabawa a duniya.